Jinin ɗana zai nuna abin da ke kansa? Amsa ga wata uwa daga Gyallesu

Tambaya: "Likita, ni tsohuwar malamar firamare ce a Gyallesu. Ɗana na fari shekararsa 28. Bai yi magana ba sai da ya kai shekara 5, har yau ma maganarsa kaɗan ce. Ba ya jure ƙarar injin niƙa, kuma in aka sauya masa wurin zama ko lokacin cin abinci, ranar babu zaman lafiya. Farfaɗiya ta kama shi yana da shekara 15, yana kan magani. Shekara biyu da suka wuce likita ya ce otizim ne. Ƙanwarsa da ke jami'a ta nuna mini cewa masana sun gano sinadaran girma sun yi ƙasa a jinin manya masu wannan lalura. Yanzu wani ya ce zai aika jininsa waje a auna, sannan ya kawo mana ƙwayoyin da za su ɗaga sinadaran. Kuɗin sai na sayar da filina. In yi?"

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki ladan wannan reno. Zan fara da abin da kika fi buƙatar ji: kada ki sayar da filin nan. Abin da 'yarki ta karanta gaskiya ne, an yi binciken, kuma an samu abin da aka ce an samu. Amma tsakanin "sinadarin ya yi ƙasa a jinin wasu mutane" da "a auna jinin ɗanki a ba shi ƙwaya" akwai tafiya mai nisa, ilimi kuwa ko rabinta bai yi ba. Ni aikina kullum a ɗakin gwaji yake, tsakanin kwalaben jini da na'urori, don haka zan bi da ke ta hanyar da na fi sani, wato me ake aunawa, daga ina yake fitowa, kuma me lambar da za a rubuto miki za ta iya faɗa. A rediyo kina jin ana cewa galahanga, sai dai kalmar ana jefa ta kan lalurori daban-daban, shi ya sa zan ci gaba da cewa otizim, wato lalurar tasowar ƙwaƙwalwa mai shafar magana da mu'amala da mutane, kamar yadda likitansa ya faɗa miki.

Sinadaran girma ƙananan furotin ne da ƙwayar halitta ke saki don ta aika wa maƙwabciyarta saƙo: ki rabu biyu, ki miƙa reshe, ki ci gaba da rayuwa, ko ki tsaya haka. An fara gano su a shekarun 1950 a Jami'ar Washington da ke birnin Sen Luwis a Amurka. Wata masaniya 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, ta lura cewa in aka dasa wani ƙari na ɓera a jikin ɗan tsakon da bai fito daga ƙwai ba, jijiyoyi sukan yi ta tsiro suna nufar ƙarin, kamar saiwar bishiya ta ji danshi. Abokin aikinta Stanley Cohen ya tace sinadarin, aka sa masa suna NGF. Shi ne kuma a 1962 ya fitar da wani daga gaɓar da ke samar da yawu a bakin ɓera, wanda in aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa sai idonsu ya buɗe, haƙoransu su fito kwanaki kafin lokaci. Wannan shi ne EGF. Su biyun sun samu kyautar Nobel a 1986. Na uku, wanda sunansa ya fi yawo a maganar otizim, shi ne BDNF, wanda Yves-Alain Barde da Hans Thoenen suka tace daga ƙwaƙwalwar alade a Jamus a 1982.

Aikinsu a ƙwaƙwalwa duk manomi zai gane shi. Tun jariri yana ciki, ƙwaƙwalwa takan samar da ƙwayoyin jijiya fiye da buƙata, kamar a zuba iri biyar a rami ɗaya, sannan a dawo a rage. Wadda ta miƙa reshenta ta isa inda ya kamata, ta samu sinadarin, ita ke rayuwa. Bayan haihuwa kuma mahaɗar da ke tsakanin jijiya da jijiya kan yi yawa, sai a yi ta datse su tun daga yarinta har bayan balaga. Sinadaran girma suna da hannu a shukar da kuma a ragin.

Saboda haka ba banza ba masana suka sa musu ido. A 2003 Eric Courchesne da abokan aikinsa a San Diyego sun nuna cewa wasu yara da daga baya aka tabbatar suna da otizim, kansu yakan yi saurin girma a shekarar farko. A 2017 an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jariran da yayyensu ke da otizim, aka ga waɗanda suka zo suka yi lalurar, faɗin saman ƙwaƙwalwarsu ya yi saurin buɗewa tsakanin wata 6 da wata 12. A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Kolombiya a Nuyok sun duba ƙwaƙwalwar yara da matasa masu otizim da suka rasu, suka tarar mahaɗan sun yi cunkoso saboda datsewar ba ta yi yadda ta saba ba. Sannan akwai ƙwayoyin gado irin su PTEN da TSC1 da TSC2, waɗanda aikinsu shi ne taka birki a hanyar da saƙon girma ke bi a cikin ƙwayar halitta, kuma lalacewarsu na tafe da otizim a mutane da yawa. Ki lura da kyau a nan, Hajiya. A waɗannan misalai saƙon girma yawa ya yi, birki ne ya tsinke. Mai ce miki matsalar ƙaranci ce, a ƙara, ya riga ya tsallake rabin labarin.

Tunda na ambaci gado, bari in tsaya in faɗi abin da iyaye mata da yawa ke ɗauke da shi a zuci ba sa furtawa. Ba wani abin da kika ci, ko kika faɗa, ko fitar da kika yi da magariba kina da ciki ne ya jawo wannan ba. Wani babban bincike na 2019 da ya haɗa mutum sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin wanda zai yi otizim da wanda ba zai yi ba daga ƙwayoyin gado yake. A 2020 an lissafa ƙwayoyin gado 102 masu alaƙa da shi. Wato hanyoyi ne da yawa suke ɓullewa gari ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar cewa sinadari guda a jini zai bayyana kowa.

To, ga binciken da 'yarki ta gani. Yawancinsa daga Japan ya fito, daga masu bincike na jami'o'in Hamamatsu da Chiba. A 2006 sun auna BDNF a jinin maza manya 18 masu otizim da wasu 18 marasa shi, suka ga na masu otizim ya fi ƙasa. A 2007 suka biyo da rahotanni uku a kan EGF da wasu sinadaran girma biyu, HGF da TGF-beta 1, duka suka samu ƙasa. A 2010 wasu a birnin Pavia na Italiya suka samu wani sinadarin girma mai suna VEGF ya yi ƙasa a mutum 22 masu lalurar mai tsanani. Aiki ne na gaskiya, kuma ina girmama masu shi domin sun kula da manya a lokacin da kusan kowa yara yake kallo. Amma ki duba adadin. A rahotannin Japan huɗu, babu wanda masu otizim a cikinsa suka kai 20, ko rabin ajin da kika koyar ba su cika ba. Duka maza ne, matasa, kuma a biyu daga ciki an zaɓi masu magana da fahimta sosai ne kawai. Irin wannan bincike buɗe ƙofa yake yi domin wasu su shigo su gwada da mutane da yawa. Ba a gina magani a kansa.

Da aka juya wajen yara kuma sai abin ya kife. A 2016 an tattara bincike 19 aka haɗa lissafinsu, sai ya nuna BDNF ya fi yawa a jinin yara masu otizim. Kafin nan, a 2001, an duba busasshen ɗigon jinin jarirai da aka ajiye a Kalifoniya, aka ga BDNF da wasu sinadarai sun yi sama a waɗanda suka zo suka yi otizim, amma haka suka yi sama a yaran da ke da jinkirin fahimta ba tare da otizim ba, kuma da aka sake aunawa da wata hanyar daban ba a ga bambancin BDNF ɗin ba. Wasu masana na fassara wannan da cewa sinadarin yakan hau a yarinta ya sauka a girma, kamar yadda girman ƙwaƙwalwar kan yi sauri da farko sannan ya lafa. Fassara ce mai ma'ana. Sai dai tabbatar da ita na buƙatar a bi mutum ɗaya ana auna shi tun yana goye har ya yi gemu, alhali waɗancan rahotanni kowanne hoto ne na rana guda.

Yanzu na zo inda na fi son ki ba ni hankalinki, domin nan ne aikina. Idan aka ɗebi jini aka zuba a kwalba mai jan murfi, barinsa ake ya daskare, sannan a juya shi a na'ura, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taso sama. Wannan ruwa shi ake kira siram, kuma shi aka auna a rahotannin da na lissafa na manya. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni, filatilet, waɗanda ɓargo ke ƙerawa. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita, wato ɗan mitsitsin ɗigon jini, kuma kowace kan yi kwana 7 zuwa 10 kafin a maye gurbinta. Waɗannan ƙwayoyi tafe suke da guzuri. A cikinsu akwai BDNF da EGF da TGF-beta 1 da VEGF a ƙunshe, domin in mutum ya yanke su zazzage su a bakin ciwon ya warke. Lokacin da jini ke daskarewa a kwalba, zazzagewar nan suke yi. Shi ya sa in ka auna BDNF a siram, ka kuma auna shi a ruwan jinin da aka hana daskarewa, na siram kan ninka ɗayan sau gommai, alhali hannu ɗaya aka huda, a minti ɗaya.

Ma'ana, lambar da za a rubuto miki yawancinta labarin filatilet take bayarwa: nawa ne, me suka ƙunsa, minti nawa aka bar jinin a kan tebur, da zafi ko da sanyi. A 2016 ɗakin gwajin Barde, wanda ya tace BDNF tun farko, a lokacin yana Jami'ar Kadif a Birtaniya, ya nuna cewa uwayen filatilet da ke cikin ɓargon ɗan Adam su da kansu suke ƙera BDNF. Ƙaramin ɓeran da ake gwaji da shi kuwa nasa uwayen ba sa ƙerawa, jininsa kusan babu BDNF, amma ƙwaƙwalwarsa tana da shi. Ga kuma shingen da Allah ya sa tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ba ya barin manyan furotin su riƙa shige da fice yadda suka ga dama. Auna siram don sanin abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa kamar ɗibar ruwa ne a inda Kubanni ta haɗu da Galma, a ce da shi za a faɗi abin da aka dafa a wani gida a Samaru. Wataƙila ɗan wanke-wanken gidan ya gangaro, amma na gari duka ya gangaro tare da shi.

Ki ɗora wannan a kan rayuwarmu ta Zariya. Zazzabin cizon sauro yana rage filatilet, duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji da damina ya san haka. Sikila da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini sukan ƙara su. Maganin farfaɗiya mai suna balfurowet, wanda mai yiwuwa ɗanki yana sha ko ya taɓa sha, yana iya rage su. Motsa jiki, shan taba, ciwon damuwa da magungunansa, duk an nuna suna taɓa BDNF na jini. Mutumin da ba ya yawan fita, cimarsa kala biyu ce ko uku saboda ba ya karɓar sabon abinci, barcinsa a hargitse, ya shekara 13 yana shan magani, in jininsa ya bambanta da na ɗalibin jami'a mai buga ƙwallo, wa zai rantse cewa otizim ne ya kawo bambancin ba irin zaman da otizim ya sa shi ba? Ƙasa ɗin da aka gani a manya yana iya zama sawun rayuwar da suka yi, ba tushen lalurar ba.

Sai kuma kayan awon kansu. A 2015 wasu masu bincike a Italiya sun gwada kayan awon BDNF na kamfanoni shida a kan jini iri ɗaya, lambobin suka sha bamban, kuma wasu kayan suna haɗa cikakken BDNF da ɗanyensa da bai gama nuna ba, alhali su biyun aikinsu kusan kishiyar juna ne, ɗaya yana ƙarfafa mahaɗa, ɗaya yana taimakawa wajen datse ta. Ƙara da tafiya. Jinin da za a adana don irin wannan awo a sanyi mai tsanani ake ajiye shi, galibi digiri 80 ƙasa da sifiri. Na ga samfurin bincike ya lalace a dare ɗaya saboda wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba. Ki yi tunanin kwalbar da za ta bar Zariya a watan Afrilu, ta bi mota, ta jira jirgi, ta wuce hannun jami'an kwastan. Kuma ko ta isa lafiya, da me za a gwada lambar? In sukarin mai azumi ya kai 7.0 aka maimaita aka samu haka, duk likitan duniya ya san sunan wannan ciwon sukari. BDNF da EGF ba su da irin wannan iyaka da aka amince da ita a asibiti, balle wadda aka auna daga jinin mutanenmu.

Akwai tarihin da ya kamata ya sanyaya wa kowa gwiwa a wannan fage. Tun 1961 Richard Schain da Daniel Freedman suka gano serotonin, wani sinadari mai isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, yana yawa a jinin wasu yara masu otizim. An maimaita wannan sau da dama ya tabbata, kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da shi, kuma shi ma a cikin filatilet yake zaune. Sama da shekara 60 ke nan, da hujja mafi ƙarfi nesa ba kusa ba fiye da ta sinadaran girma, amma babu asibitin da ke tabbatar da otizim da shi, domin uku cikin huɗu ba su da shi, wasu marasa otizim kuma suna da shi.

Dalilin lissafi ne mai sauƙi, kuma a matsayinki na malama za ki riga ni gane shi. A ce an auna tsawon mazan Tudun Wada da na Sabon Gari, aka samu matsakaicin ɗaya ya ɗara ɗayan da faɗin yatsa. Wannan ba zai sa ki kalli mutum a tasha ki faɗi unguwarsu daga tsawonsa ba. Mu ƙaddara ma an ƙirƙiro gwajin da ke cin daidai sau 80 cikin 100, misali ne kawai na kawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 100 yana da otizim, kuma wani bincike a Ingila da aka buga a 2011 ya samu kusan haka a manya. In aka gwada mutum 1,000, masu otizim 10 ne, gwajin zai kama 8. Cikin sauran 990 kuwa zai yi wa 198 ƙarya. Shi ya sa har yau, kamar yadda likita Leo Kanner ya yi a Baltimo a 1943 da yara 11 da ya fara bayyanawa, ana gane otizim ne ta hanyar tarihin tasowar mutum da zama a lura da shi. Ɗanki an riga an yi masa wannan. Babu abin da takardar waje za ta ƙara a kai.

Batun ƙwayoyin kuma, shi ya fi tayar mini da hankali. Waɗannan sinadarai furotin ne, in aka haɗiye su ciki zai narkar da su kamar yadda yake narkar da wake da ƙwai. Ta allura ma an gwada. A shekarun 1990 an yi wa mutum sama da 1,000 masu wata cutar shanyewar jijiya gwajin allurar BDNF, bai taimaka ba, domin ba ya daɗewa a jini kuma da ƙyar yake isa inda ake so. An gwada NGF ga masu ciwon sukari da jijiyoyinsu suka lalace, ya jawo zafi a wurin allura, babban gwajin kuma bai yi nasara ba. Sannan ɗaga sinadarin girma ba abin wasa ba ne. Wasu daga magungunan ciwon daji na zamani aikinsu shi ne toshe VEGF da kuma wurin da EGF ke maƙalewa a jikin ƙwayar halitta, saboda daji da su yake ciyar da kansa. In ƙwayar mutumin nan ba ta aiki, kin yi asarar fili. In kuwa da gaske tana ɗaga su, wannan ya fi ban tsoro. Ga kuma haɗarin ta ci karo da maganin farfaɗiyarsa.

Don in yi adalci, akwai inda wannan hanya ta haifi ɗa mai ido. A watan Maris na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna trofinetide, wanda aka kwaikwayo daga wani ɓangare na sinadarin girma mai suna IGF-1, domin cutar Rett, lalurar da kusan 'yan mata kaɗai take kamawa kuma an san ƙwayar gado ɗaya da ke jawo ta. Yana rage wasu alamomi, ba ya warkarwa, kuma yana yawan sa gudawa. Ki ga bambancin: an san ainihin cutar, an gwada maganin da na bogi a kan mutane da yawa, sannan aka amince. Inda aka tsallake wannan mataki kuwa, iyaye ne suka biya. A 1998 labari ya bazu a Amurka cewa allurar sikiritin, wani sinadari da hanji ke fitarwa, ta sa yara uku masu otizim sun samu sauƙi, mutane suka yi ta zuba dukiya, daga baya gwaje-gwaje sama da 12 suka nuna ba ta fi ruwan gishiri ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma ban ga laifin uwar da ta kama ba. Laifin yana kan mai miƙawa.

Wataƙila zuciyarki ta ce, to ai shi ke nan, tunda ginin ƙwaƙwalwa a ciki da yarinta aka yi shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne takin da aka zuba bayan masara ta fitar da goyo ba zai sauya tsawon karanta ba. Amma mutum ba masara ba ne, ƙwaƙwalwa tana koyo har tsufa, kuma BDNF ɗin da take ƙerawa a cikinta, a daidai mahaɗar da ake amfani da ita, yana daga cikin abin da ke sa koyon ya zauna. Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett, sai da ya haura shekara 20 ya koyi tuƙin mota, ya yi shekaru masu yawa yana aiki a bankin garinsu a jihar Misisipi, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba kowa zai kai inda ya kai ba, lalurar hawa-hawa ce. Abin da ya ɗauke shi dai sananne ne, gari ne da ya san shi, ya ba shi aikin da ya dace da shi, ya bar shi da tsarinsa. Ɗanki mai son komai a wurinsa da lokacinsa, akwai sana'ar da wannan hali jari ne a cikinta: kiwon kaji, jera kaya a shagon ɗan'uwa, ban ruwa a lambu, ɗaurin kaya. A fara da awa ɗaya, wuri ɗaya, mutum ɗaya da ya saba da shi. Doka ma tana bayansa, domin dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta a ware mutum saboda lalurarsa.

Idan akwai kuɗin da za ki kashe, farfaɗiyar ce ta farko. Wani bincike a Suwidin da aka buga a 2016, wanda ya bi masu otizim sama da 27,000, ya nuna suna rasuwa da wuri fiye da sauran jama'a, kuma a cikin masu jinkirin fahimta farfaɗiya na kan gaba a dalilai. Wannan abu ne da ake iya yi wa wani abu. Kada maganin ya yanke ko na kwana ɗaya, kada a tsayar da shi farat ɗaya don an ga sauƙi ko don wani ya kawo na gargajiya, kuma kafin azumi a zauna da likita a tsara lokutan sha. A rufe rijiya, a nisanta shi da murhu, kada ya kulle banɗaki ta ciki. In ta tashi a kwantar da shi a gefe, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kuma in ta wuce minti 5 a tafi asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin jijiya da na ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa a Kaduna.

Gwajin jinin da yake buƙata duk ana yinsa a nan gida, kuma ba ya cin fili. In balfurowet yake sha, a riƙa duba ƙididdigar ƙwayoyin jini da lafiyar hanta. In kabamazafin ne, a haɗa da gishirin jini. In an taɓa ɗora shi a kan risferidon ko makamancinsa don rage fushi, a riƙa auna nauyinsa da sukari da kitsen jini, domin waɗannan magunguna suna sa ƙiba. Gwaji ɗaya tilo da ke iya faɗin dalilin lalurar a wasu mutane shi ne na ƙwayoyin gado, kuma an fi samun amsa a masu farfaɗiya da jinkirin fahimta. Yana da tsada, da wuya ya sauya maganin da ake ba shi, amfaninsa ya fi komawa ga ƙannensa in sun zo aure da haihuwa. Shawara ce da za ku yanke da likitansa a natse, ba da ɗan kasuwa ba.

Wani abu da nake roƙon iyaye su riƙe shi ne, mutumin da maganarsa kaɗan ce da jikinsa yake faɗin ciwo. In kika ga fushinsa ya ƙaru kwatsam, ko yana dukan kansa, ko ya daina barci, kafin a ce iska ce ta motsa ko a ƙara masa maganin sa barci, a duba haƙori, a duba kunne, a tambayi yaushe rabonsa da bayan gida, a duba gyambon ciki. Addu'a kuwa ki ci gaba da yi, mu ma muna taya ki, amma duk inda za a doke shi, ko a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko a sa masa mari, kada ki bari a kai shi.

Filin ki bar shi da sunansa, ki sa a rubuta a gaban shaidu, domin zai buƙace shi ranar da ƙarfinki ya ragu. Ki samu littafi irin na 'yan makaranta, ke da ƙanwarsa ku rubuta sunan kowane magani da adadinsa, ranakun da farfaɗiya ta tashi da tsawonta, abincin da yake karɓa, abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali, da yadda yake nuna yana jin ciwo. In ta sake tashi, wani ya ɗauki bidiyo da waya yayin da wani ke kula da shi, likita zai karanta abu da yawa a ciki. Ranar ganin likita ta gaba ki tafi da littafin, da kwalayen duk abin da yake sha har da na gargajiya, da takardar da mai ƙwayoyin nan ya ba ki in akwai, kuma ku yi sammako kafin layi ya cika da hayaniya.